Yadda za ka je birnin Nara daga Osaka a ƙasar Japan ka dawo a yini guda

1. Ka yi sammako zuwa tashar jirgin ƙasa ta Osaka-Namba, ka zuba kuɗi a katin biyan kuɗin jirgi na ICOCA don ka huta da layin yankar tikiti.

2. Hau jirgin ƙasa na kamfanin Kintetsu zuwa Nara. Tafiyar kusan minti 40 ce. Akwai na kamfanin JR ma, amma tasharsa ta fi nisa da wurin shaƙatawa na Nara inda barewa suke, ƙafa za ta ji jiki.

3. Da ka sauka, nufi gabas. Nan da nan za ka tarar da barewa, sama da 1,000 ne ke yawo sake. Sayi biskit ɗinsu a wurin masu talla. Wata za ta sunkuyar maka da kai kamar mai gaisuwa, amma fa da ta hango biskit ba sauran kunya, har riga takan ja. Idan ya ƙare, buɗe tafukan hannunka ta gani. Kada ka yar da leda, sukan haɗiye ta.

4. Wuce zuwa Todaiji, babban wurin bauta na addinin Buddha. Mutum-mutumin Buddha na tagulla da ke ciki ya kai mita 15, an ƙaddamar da shi a 752.

5. In da sauran ƙarfi, bi ta layin fitilun dutse zuwa wurin bauta na Kasuga Taisha, sannan ka juyo tasha kafin duhu.