Sandar shok ɗin kekenka ta kwarzane? Ajiye samfefar nan tukuna

Tun da kekunan hawan dutse 'yan kwatano suka yawaita a hannun samarinmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, na gaji da ganin ƙafar gaba da aka kashe da sunan gyara. Faɗuwa takan bar ɗan tabo ne kawai, sauran ɓarnar hannun mai gyara ne ke yin ta. Ina nufin sandunan nan biyu masu sheƙi da ke nutsewa su ɗago idan ka faɗa rami.

A keke mai tsada, irin mai ƙafar Fox ko RockShox, sandar ta alminiyam ce da aka yi wa rufi mai tauri, baƙi ko ruwan gwal, wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. A masu araha kuwa ƙarfe ne da aka bi da kurom. A bakin ƙafar akwai roba mai share ƙura, ƙarƙashinta ɗan soso mai riƙe mai, can ƙasa kuma zobban da sandar ke zamewa a cikinsu. Duk kwarzane yana da rami, yana da tudu, wato gefen da ƙarfen ya taso. Tudun nan shi ne mugun. Duk nutsewa ɗaya sai ya yanki robar, mai ya fara tsatsafowa, yashi ya samu hanyar shiga.

To a nan ne mutum zai ɗauko samfefar kafinta mai kaushi, lamba 120 ko 220, ya naɗe sandar ya yi ta gurza har tabon ya ɓace. Tabon bai ɓace ba, ɗan'uwa, rufin ne ka cinye har ya sauko daidai da ramin. Wannan abin ya taɓa cin kuɗina, shi ya sa nake zafi a kansa. Na bar keke wurin wani mai gyara don ya canza mini birki, ya hango ɗan karce a sandar hagu, ya ce bari ya yi mini alheri. Na dawo na tarar da fari fat kamar faɗin yatsa uku a jikin baƙar sanda, yana murmushi yana cewa "Oga, na goge maka shi tas." Alminiyam tsirara ba ya jure gogayya. Kafin damina ta fita wurin ya lotsa, ƙafar ta fara ƙaras-ƙaras, mai na bin ta. Kuma galibi ba a sayar da sanda ɗaya. Ita da 'yar'uwarta da kan da ya haɗa su a matse suke tun daga kamfani, sai dai ka sayi saman gaba ɗaya, in ma ka same shi a Legas. Rufin da ya tafi babu fentin da zai maido shi.

Ni ga yadda nake yi. Na farko in bi wurin da farce. In farce bai maƙale ba, ba na taɓa shi ko da yana ɓata mini ido. In kuma tabon yana can sama inda sandar ba ta nutsewa ta kai, nan ma a bar shi. In ya maƙale, sai in wanke da sifirit, in zagaye tabon da salatef yadda ba abin da ke waje sai shi, in kwantar da sabuwar reza ko ƙaramin magagari mai laushi in cire tudun kaɗai. Sannan 'yar guntuwar samfefa mai laushi, lamba 1000, a jiƙe da ruwa, a hankali, ina yi ina dubawa da farce.

Kuskure na biyu gaggawa ce wajen cike ramin. Wani ko wankewa ba ya yi, mai na kwance a cikin ramin zai lafta gam a kai, gobe ya ɓamɓare ya faɗa cikin ƙafar. Wani ya shafa da azahar, da la'asar yana kan titi. Haba samari, ina za ku? Gam mai haɗi biyu, irin Araldite, nake amfani da shi, kuma na fi son mai jinkirin kamawa a kan na minti 5. Da tsinken sakace nake ɗiga shi, ya ɗan fi sandar tudu kaɗan, in jingine keken awa 24 cur. Washegari in aske rarar da reza, in bi da lamba 1500, in ƙarasa da 2000, duk a jiƙe, har yatsa ya wuce bai ji komai ba. Wasu jan farce suke sawa, shafi biyu ko uku. A ƙaramin karce yana yi, amma yana ɓamɓarewa da wuri, sai ka riƙa dubawa. Abin da ba zan yafe ba shi ne dabarar nan ta sufa gulu da yashi da 'yan acaɓa ke liƙe fasasshen murfin babur da ita. A jikin sandar shok, samfefa ka manna wa robarka da hannunka.

Kada ka wanke wurin da fetur ko kananzir, suna lalata roba kuma suna hana gam kamawa. Kada ka shafe sanda da baƙin mai ko giris don ta yi santsi, yashin Lekki da Ajah jiranka yake. Kada ka bar yaran wankin mota su saita bakin injin feshi a kan robar, ruwa suke tura maka ciki. In ka ratsa ruwan kwata da damina, goge sandar da tsumma mai tsabta da ka isa gida, musamman ta ƙarfe, don iskar Legas mai gishiri ba ta ɗaukar lokaci wajen huda kurom da tsatsa.

In tabon ya riga ya yanki roba, gyaran sanda kaɗai bai isa ba, sai an canza robar da sosonta da man ciki. RockShox ma cewa suka yi a yi wa ƙasan ƙafar hidima duk bayan awa 50 na hawa. Sandar da ta lotsa ciki, ko ta lanƙwashe, ko ta tsage, ba ta gam ba ce, a sauke ta kafin ta sauke ka a tsakiyar Ikorodu Road.

Yawancin tabon da nake gani ma ba a hanya aka samo su ba. Sarƙar kulle ce da ake zurawa ta tsakanin sandunan, ko but ɗin danfo, ko tirelar da aka ɗora keken zuwa Kano lokacin Sallah aka danne shi da kaya. Yanka tsohon tib ɗin keke gida biyu ka naɗe kowace sanda, ka ɗaure, kafin ka miƙa wa 'yan lodi.