Yadda Ake Gwada Fankar Akwatin Kwamfuta a Zafin Birnin Kebbi

Duk wanda ya taɓa barin kwamfutarsa tana haɗa bidiyo a watan Afrilu a Birnin Kebbi, lokacin da zafin rana yake haura digiri 40, ya san cewa fankar da ke cikin akwatin ba ado ba ce. Alƙaluman da ake bugawa a jikin kwalin fanka kuwa a ɗakin gwaji aka auna su, shi ya sa ya fi dacewa mutum ya gwada da kansa a ɗakin da yake aiki.

A tanadi ma'aunin zafin ɗaki, da manhajar HWiNFO mai nuna zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da Cinebench wadda za ta ɗora masa aiki mai nauyi. A ɗaura fanka ta farko a gaban akwatin tana shigo da iska, a rufe murfin yadda aka saba, a bar aikin ya yi minti 20, sannan a rubuta zafin da ya tsaya a kai. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin ba a kwatanta wannan adadi kai tsaye sai an ɗebe zafin ɗakin daga ciki. Alal misali, idan furosesa ya nuna 78 da safe alhali ɗakin yana 30, tazarar 48 ce; idan fanka ta biyu ta ba da 82 da la'asar ɗakin yana 38, tazarar 44 ce, wato ta biyun ce ta fi sanyayawa duk da cewa adadinta ya fi girma.

Awon ƙara yana buƙatar dare, bayan janaretocin unguwa sun yi shiru kuma an kashe fankar sama. A ajiye waya mai manhajar auna desibel, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, kamar rabin mita daga akwatin, kada a gusa da ita har a gama. Awon waya bai kai na na'urar ƙwararru ba, amma ya isa a bambance fanka biyu, kuma ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar ninki biyu.

A ganina, gwajin adalci shi ne a shiga BIOS, wato shafin saitunan kwamfuta da ake buɗewa yayin kunna ta, a daidaita gudun kowace fanka har ƙararsu ta zo ɗaya, sannan a duba wadda ta fi rage zafi. Mai filogi mai ƙafa huɗu ta fi sauƙin daidaitawa a kan mai ƙafa uku, kuma sau da yawa mai faɗin milimita 140 takan tura iska daidai da mai 120 alhali ita mai 140 ɗin tana juyawa a hankali. A kasa kunne kuma, domin akwai gurnani ko ƙas-ƙas da waya ba za ta nuna ba, amma ya hana mutum sakewa.

Kada a cire rariyar tace ƙura lokacin gwaji, ko da yake tana rage iska, tunda da ita kwamfutar za ta zauna idan hunturu ya kama. Idan iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa, ƙura ba za ta riƙa kutsawa ta ƙananan kafofin akwatin ba.