Wasiƙar neman aiki a chamba (ofishin lauyoyi): gyara sakin layi na farko kawai

'Yan uwa ɗaliban lauya, ku daina tura wasiƙa iri ɗaya zuwa chamba goma. Jikin wasiƙar ka bar shi yadda yake, sakin layi na farko kawai za ka riƙa canzawa, ka ambaci sunan chamban da irin shari'ar da suka fi yi, filaye ne ko haraji ko rabon gado, sai ka haɗa da abu ɗaya da ka taɓa yi da hannunka a wannan fannin.

Ni ina aji 4 na tura guda 11 shiru kake ji, da na koma na duba ashe ɗaya ma sunan wani chamban daban na bari a sama, wallahi har yau abin na ci min rai. Da na gyara na rubuta cewa na zauna a kotun majistare ina ɗaukar bayanin ƙararrakin haya, kwana uku aka kira ni.

Dalili shi ne ogan chamban ba shi da lokaci, tsakanin zaman kotu yake leƙawa a waya, layi biyu zai karanta. "Ina da hazaƙa da ƙwazo" kowa haka yake rubutawa.

Shafi ɗaya ya isa, ka tura a PDF.

Amma fa kar ka rubuta abin da ba ka yi ba, a intabiyu nan za su fara tambayarka. Kuma manyan chambobin Legas da Abuja wasu fom suke sa a cike a intanet, can wannan dabarar ba ta da wani tasiri sosai.