Yadda za ka share tarkacen fayiloli daga kwamfutarka

Masu shagon buga takardu a Gusau sun yi ta tambayata: kwamfuta ta yi nauyi, wuri ya cika, yaya za a yi? Ga matakan, na Windows 10 da 11 ne.

1. Adana aikinka, ka rufe duk manhajar da ke buɗe.
2. Danna maɓallin Windows tare da R.
3. Rubuta %temp% a ɗan akwatin da ya fito.
4. Danna Enter.

Tsaya nan! Duba saman allon ka tabbatar an rubuta Temp, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke tara fayilolin wucin gadi. In ba ita ba ce, kada ka taɓa komai.

5. Danna Ctrl tare da A.
6. Danna Delete.
7. In wani fayil ya ƙi tafiya, zaɓi Skip. Kwamfutar ce ke aiki da shi, ƙyale shi.
8. Buɗe Recycle Bin, wato kwandon sharar kwamfuta inda fayilolin da ka goge suke zuwa, ka duba abin da ke ciki a tsanake.

A nan ake yin kuka. Na ga wata ɗaliba ta zubar da shi da aikinta na kammala karatu a ciki, ranar ko abinci ba ta ci ba. Abin da kake so, danna masa Restore tukuna don ya koma inda yake.

9. Danna Empty Recycle Bin.
10. Kashe kwamfutar, ka sake kunnawa.