Yadda nake gina shafin intanet da zai buɗe ko a Kamba

Shafin farko da aka biya ni kuɗinsa, na wani Alhaji ne mai sayar da shinkafa a nan Birnin Kebbi. Na yi sati uku a kansa, na ƙawata shi da hotuna goma sha biyu na buhuna da injin casa, a kwamfutata kuwa sai ka ce ka lasa. Kwana biyu da miƙa aiki sai ga kiransa daga Kamba, ya tafi ganin abokan ciniki a bakin iyakar Nijar.

"Malam, wanga abu naka bai buɗewa fa. Na nuna ma mutane, sai farin allo muka gani."

Na ce, "Alhaji, ƙila sabis ne." Ya ce ai WhatsApp na tafiya lafiya lau. Nan bakina ya mutu, domin gaskiyarsa ce. Kowane hoto da na ɗora ya kai megabait 4, yadda ya fito daga kyamarar waya. Goma sha biyu sun tashi megabait 48, a kan wayar da sabis ɗinta ke da layi ɗaya. Tun daga ranar na sauya yadda nake aiki.

Kafin in taɓa kod, nakan zana fasalin shafin a Figma, manhajar zana fasalin shafuka, kuma da allon waya nake farawa, mai faɗin fiksel 360. Na kwamfuta sai daga baya, idan ma an buƙace shi. Masu sayen shinkafar Alhaji, daga Jega har Argungu, da ƙananan wayoyin Android suke shiga intanet. Idan ka fara da babban allo, sai ka cika shi da tarkace, ka dawo kana fama da abin da za ka cire. Ƙaramin allo kuwa tun farko zai sa ka tambayi kanka: me mutumin nan ya zo nema? Farashin buhu, inda shago yake, da lambar waya. Su ukun nan su zauna a sama.

Hotuna su ne babbar matsala, don haka a nan nake daɗewa. Akwai Squoosh, wata manhajar kyauta ta Google da ke aiki a cikin burauza, ba sai ka sauke komai ba. Ka jefa hoton a ciki, ka rage faɗinsa zuwa fiksel 800, ka zaɓi tsarin WebP, wani nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi, ka bar inganci a wajen 75. Akwai wani layi a tsakiyar allo da za ka riƙa ja hagu da dama, kana kwatanta na asali da wanda aka matse. Na taɓa zura wa hoton buhu ido ina neman bambanci, har zaren ɗinkin bakinsa yana nan a fili, alhali nauyin ya sauko daga megabait 4 zuwa ƙasa da kilobait 100. Google ya fito da WebP tun 2010, kuma yau duk manyan burauza suna karanta shi. Hotunan da ke can ƙasan shafi kuma ka saka musu loading="lazy", kada su sauko sai mai karatu ya gangaro kusa da su. Wanda ya ga farashi ya fita, bai ƙona datarsa a banza ba.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. Wannan ciwo ne da malaman da ke koyarwa a YouTube ba sa ambata, don ba ya damunsu. Wata rana na buɗe shafin da wani ɗalibi ya kawo mini in duba, inda ya rubuta "ƙasa" sai na ga "Æ™asa". Abin da ya faru shi ne, a tsarin UTF-8, wanda kwamfuta ke adana haruffa da shi, harafin ƙ bait biyu ne, burauzar kuma ta karanta su da tsohon tsarin Windows, kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa. Maganin layi ɗaya ne a saman shafi, meta charset="utf-8". Ka kuma sa lang="ha" a jikin html, don burauza da injin bincike su san da Hausa ake magana. Idan akwai rumbun bayanai na MySQL, ka zaɓi utf8mb4 tun ranar da ka buɗe shi, domin gyaran baya wahala gare shi.

Ko an yi wannan, saura salon rubutun. Yawancin salon da ke burge ido ba su da haruffanmu. Sai burauza ta aro ƙ daga wani salon, ka ga kalma tana ɗingishi, harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo. Ni ina da jimlar gwaji: "Ɓarawo ya ɗauke ƙwaryar Ɗanjuma a Ƙofar gari." Duk salon da ya kasa rubuta ta daidai, manya da ƙanana, na sallame shi komai kyansa. Noto Sans bai taɓa ba ni kunya ba. Sau da yawa ma ba na ɗora kowane salo, nakan bar wa wayar nata, an huta da wani nauyin.

A wajen rubuta kod, manhajar VS Code nake amfani da ita. Shafin shago mai fuska huɗu ko biyar, HTML mai gina jikin shafi da CSS mai ƙawata shi sun wadatar, sai ɗan JavaScript mai sa shi motsi, kamar gishiri a miya. Na san wasu abokan sana'a za su ce na tsufa. React, kayan aikin JavaScript na gina manyan manhajoji, abu ne mai kyau, ni ma ina aiki da shi idan manhajar ta kai a yi hakan, amma ba a ɗauko tirela don kai buhu ɗaya kasuwa. Ka kuma riƙi Git, manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da ka yi wa kod, da hannu biyu. Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 don aikin Linux, mu a nan ɗauke wuta ne ya koya mana darajarsa. Duk gyaran da ya tsaya da ƙafarsa, ka adana, ka tura GitHub, ma'ajiyar kod a intanet, kafin batir ya ce ga garinku. Shafi irin wannan ma GitHub Pages zai ɗauke maka shi kyauta, sunan shafin kawai za ka saya, kamar mai ƙarewa da .com.ng.

Yanzu gwaji, wanda da na yi shi da Alhaji bai ji kunya a Kamba ba. Ka buɗe shafin a Chrome, ka danna F12, ka shiga sashen Network, ka kashe ma'ajiyar wucin gadi (Disable cache), sannan ka rage gudun zuwa 3G. Chrome zai riƙa sakin kusan kilobait 50 a daƙiƙa. Yi lissafi da kanka: hoto ɗaya mai megabait 4 zai ci daƙiƙa 80. Wa zai tsaya? A can ƙasan allon za ka ga jimillar nauyin shafin. Ni dokar da na kafa wa kaina ita ce kada fuskar farko ta wuce kilobait 500. Daga nan ka gudanar da Lighthouse, mai auna saurin shafi ya ba shi maki, yana nan cikin kayan aikin Chrome ɗin. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Amma kada maki ya ruɗe ka. Ina da wata tsohuwar wayar Itel mai tsagaggen gilashi a aljihun jaka, ita ce alƙali. Nakan tura wa ƙanina da ke Yawuri shafin ma, ya buɗe, ya gaya mini har nawa ya ƙirga kafin hoto ya fito.

Wannan wayar har taro nake zuwa da ita. DevFest, taron masu rubuta manhaja wanda ƙungiyoyin GDG (Google Developer Groups) ke shiryawa a birane daban-daban wajen ƙarshen shekara, ya cancanci kuɗin mota, ko don mutanen da za ka haɗu da su a lokacin cin abinci. Ayyuka biyu na samu ta haka. Sai dai idan mai jawabi ya gama nuna sabon kayan aikinsa a kan majigi, nakan buɗe misalin nasa a Itel ɗin nan ina zaune. Idan ya buɗe, sai in rubuta sunan abin a littafina in je gida in koya.

Abu na ƙarshe da na yi wa shafin Alhaji shi ne cire fom ɗin tuntuɓa, wanda ba wanda ya taɓa cikewa. Na maye gurbinsa da babban maɓalli kore mai kai mutum WhatsApp kai tsaye. Ana rubuta wa.me/ sai lambar ta biyo, a fara da 234, a jefar da sifirin farko, ba alamar tarawa, ba tazara. Na gwada a Itel, sannan na kira shi.

"Alhaji, a sake dubawa."

Ya yi shiru kaɗan, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. "To, ga buhunan nan sun fito. Amma farashin na satin jiya ne, Malam, a gyara."