Yadda za ka sa mutan gidanka su saba ware shara ba tare da faɗa ba

Ni dai wallahi na gaji da surutu, kullum sai na ce wa yara kar a haɗa robar lemo da ɓawon albasa, su ce to Baba, gobe a koma gidan jiya. Ashe ba kunnen ƙashi ba ne, ni ne na je na rataye buhun tara robobi can bayan banɗaki, wa zai taka har can saboda roba ɗaya? Richard Thaler, Ba'amurken nan masanin tattalin arziki da ya ci kyautar Nobel a 2017, abin da ya yi ta nanatawa ke nan, in kana so mutane su yi abu to ka sauƙaƙa musu shi.

Da farko ka yi kwana biyu kana kallo kawai, ka ga inda ake yar da abu. A gidanmu bakin kicin ne da gindin tabarmar da ake cin abinci. Nan za ka kafa ƙusa ka rataye tsofaffin buhunan shinkafa uku, na roba, na gwangwani, na ledar fiya wata, kuma daidai tsawon yaro ba naka ba. Kar ka wahalar da kanka da rubutu, ka ɗaure roba ɗaya a bakin wannan, gwangwani ɗaya a bakin wancan, daga Hajiya Kaka har ɗan shekara 4 kowa zai gane. Bokitin sauran shara kuma ka sa masa murfi, buhunan ka bar su a buɗe, hannu ai inda ya fi sauƙi yake zuwa.

Sai ka jingina abin da wani aikin da dama ana yi kullum. Mu wanda ya kwashe kwanukan dare shi ke ɗauraye gwangwanin madara da na tumatir ya take robobi, kuma takewar nan har rige-rige yara suke yi. Ɗaurayar fa kar a yi wasa da ita, ranar da buhu ya fara wari ko kiyashi suka bi shi uwargida za ta wurgar da shi waje, magana ta ƙare.

Na uku kuɗi, kuma a gan shi da ido. A Jamus tun 2003 ake ɗora santi 25 na kuɗin Yuro a kan robar abin sha, sai ka mayar da ita shago a ba ka kuɗinka. Mu 'yan gwangwan muke da su, har ƙofar gida suke zuwa da kura da sikeli. Abin da aka samu ko ɗari biyar ce a jefa a asusu gaban yara, a ce sai Sallah za a fasa. Amma babba ne kawai zai yi cinikin, don mu sai da murfin tukunyar Maman yara ya yi ƙafa sannan muka kafa wannan doka.

Sannan ka tsayar da rana. In a Kano kake Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ta ishe ka, dama kowa na gida da safe. Ka karɓi lambar mai gwangwan ɗaya ka riƙa kiransa, buhunan kuma ka fito da su ƙofar gida inda maƙwabta za su ga ana aunawa ana miƙo kuɗi, yaran layinmu a wata na biyu suka fara zuwa aron ƙusa da guduma.