Inda ake yin tuntuɓe a labarin fim ɗin Medgar Evers

Mutum ya kalli fim ɗin talabijin na rayuwar Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a Amurka, "For Us the Living", wanda tashar PBS ta Amurka ta nuna a 1983, sai ya ɗauka inda fim ya tsaya nan magana ta ƙare. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Lokacin da aka shirya fim ɗin, wanda ya harbe Evers, Byron De La Beckwith, yana yawonsa a gari hankali kwance. Sau biyu aka gurfanar da shi a 1964, masu taya alƙali yanke hukunci duk farar fata ne, suka kasa cimma matsaya, aka sallame shi. Sai a 1994 kotu a jihar Mississippi ta yanke masa ɗaurin rai da rai, ya mutu a tsare a 2001. In za ka ba da labarin, dole ka ƙaro wannan da kanka. Kuma kada ka rikita shi da "Ghosts of Mississippi" na 1996. Shi wannan na 1996 na silima ne, kan shari'ar ƙarshe yake.

Ranar kisan ma ana yawan kuskurenta. A daren 11 ga Yuni 1963 ne shugaban Amurka Kennedy ya yi jawabinsa kan 'yancin baƙar fata, shi ya sa wasu ke rubuta 11. Amma Evers bai iso gidansa a birnin Jackson na Mississippi ba sai bayan sha biyun dare, saboda haka 12 ga wata ne. Ya fito daga mota, hannunsa ɗauke da rigunan gangamin yaƙi da wariya, harsashi ya same shi ta baya. Matarsa Myrlie da 'ya'yansu uku suna ciki. Yaran suka zube ƙasa kamar yadda ya koya musu su yi in sun ji ƙarar bindiga. Shekararsa 37.

Wasu kuma suna cusa shi a rigar Martin Luther King, har su kira shi fasto. Ina! Tsohon soja ne da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Daga 1954 shi ne sakataren NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, a Mississippi, aikinsa na zirga-zirga ne: lallashin mutane su yi rajistar zaɓe, shirya ƙaurace wa shaguna, neman shaidu a kisan wani yaro baƙar fata, Emmett Till, a 1955. Ni wannan ɓangaren ya fi burge ni, don aiki ne da ba a tafa wa mutum.

Saura kalaman da ke bakin Howard Rollins, wanda ya fito a matsayin Evers. Fim ɗin daga littafin Myrlie aka ɗauko shi, amma hirarrakin ciki sun bi ta hannun marubucin fim. Kada ka kwafo su ka ce "Evers ya ce", sai in ka gan su a jawabinsa na ainihi.